Bayan an naɗe kyamara, wa ke ɗaukar nauyin ma'aikacin fim ɗin Hausa?

A watan Fabrairun 2022, wata hira da sashen Hausa na BBC ya yi da dattijuwar jarumar nan Ladin Cima ta tayar da ƙura a masana'antar Kannywood, domin ta bayyana cewa duk da shekarun da ta kwashe tana fitowa a wasannin talbijin da fina-finai, abin da akan sallame ta da shi bai cika wuce naira dubu biyu zuwa dubu biyar ba. Wasu manyan furodusoshi da daraktoci suka fito suka ce sun sha biyan ta fiye da haka, suka ƙara da cewa irin kuɗin da take magana a kai na fitowa ɗaya ce ko biyu da ba ta cin awa guda. Wasu kuma suka goya mata baya, aka yi ta musayar zafafan kalamai har ƙurar ta lafa. Abin lura a rikicin shi ne babu ɓangaren da ya iya fito da takardar yarjejeniya ko rasit ya ce ga abin da aka yi alkawari, ga abin da aka biya. Masana'antar da ta haura shekara talatin, wadda take ciyar da dubban gidaje a Kano da Kaduna da Jos, har yanzu mafi yawan cinikin ƙwadagonta da fatar baki ake ƙulla shi.

Mai kallo yakan auna arzikin ɗan fim da yawan ganin fuskarsa, shi ya sa mutane suke mamaki idan suka ji wani sanannen ɗan wasa yana neman kuɗin magani. Amma tsarin biyan kuɗi a harkar bai taɓa haɗa shahara da samu na dindindin ba. Ana kiran mutum lokeshan, ya yi kwana ɗaya ko uku ko mako guda, a sallame shi, shi ke nan alaƙarsa da wannan aiki ta yanke, ko da za a shekara goma ana nuna shi ana samun kuɗi. Babu albashin wata, babu hutun rashin lafiya, babu fansho, kuma babu tabbacin cewa za a sake kiran sa a wata mai zuwa. Wannan kuwa halin waɗanda ake gani ne a allo. A bayansu akwai mai ɗaukar hoto, da mai riƙe sandar sauti, da mai haska fitila, da mai kwalliya, da mai kula da sutura, da mai tace hoto, da marubucin labari, da direban da ke jigilar kaya, waɗanda idan ciwo ya kwantar da ɗayansu babu wata fuska da jama'a suka sani balle a yi masa gangamin neman taimako.

Domin a fahimci yadda aka kai ga haka, sai an koma ga yadda kasuwar ta ginu tun farko. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma ne a Kano a 1990, daga hannun ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa, waɗanda mambobinsu suke wasa don sha'awa, suna haɗa kuɗin aiki ta hanyar karo-karo. Da harkar ta zama kasuwanci, sai ragamarta ta koma hannun dillalan kaset na Ƙofar Wambai da kewayen Bata. A wancan zamani furodusa yakan buga kwalin fim ɗinsa ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset, su kuma su gurza a kan kaset ɗinsu su sayar, sannan a biya shi kuɗin kwalin da ya shiga, sau da yawa bayan jira mai tsawo. Wato shi kansa furodusan a kan bashi yake tafiya, bai san ko jarinsa zai dawo ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai yi wa jarumi alkawarin kaso daga ribar da bai gani ba, don haka sai al'adar sallama ta lokaci guda ta kafu, aka gaje ta daga zamanin kaset zuwa na faifan CD ba tare da an taɓa zama an sake duba ta ba.

Daga baya kasuwar faifan ma ta rushe. Satar fasaha ta ci wani ɓangare, fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka ci wani, sannan masu tura fina-finai a waya suka ƙarasa abin da ya rage, domin da kuɗi kaɗan mutum zai cika wayarsa da fina-finan da aka kashe miliyoyi wajen shirya su. Zuwan tashar Arewa24 a 2014 ya buɗe wata ƙofa ta shirye-shirye masu dogon zango, kuma waɗanda suka samu shiga irin waɗannan shirye-shirye sun ɗanɗana wani abu mai kama da aiki na kullum, amma gurbin kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu nema. Mafi yawan masu shirya fim sun koma YouTube, musamman daga 2020. A nan ma tsohuwar matsalar ce ta dawo da sabuwar riga, domin kuɗin talla yana shiga asusun mai tashar ne shi kaɗai, kuma yawan kuɗin ya dogara da ƙasar da mai kallo yake zaune, ta yadda kallo dubu daga Najeriya ko Nijar ba ya kawo abin da kallo dubu daga Turai ko Amurka yake kawowa. Bambancin da aka samu shi ne yanzu kowa yana iya ganin adadin masu kallo a ƙarƙashin bidiyo. Ɗan wasan da aka ba dubu goma yana gani da idonsa cewa mutum miliyan sun kalli aikinsa, kuma a ganina wannan ne ya sa ƙorafin da a da ake yi a ɓoye ya fara fitowa fili.

Ga wannan rashin tabbas na kasuwa sai a ƙara wani da ya keɓanta da Arewa, wato yiwuwar a wayi gari hukuma ta tsayar da aiki gaba ɗaya. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, kuma tattaunawar da ta biyo baya ce ta kai ga kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001. A 2007, bayan ɓullar wani bidiyon waya da ya harzuƙa jama'a, an hana ɗaukar fim a Kano na tsawon wata shida, kuma a zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim yake shugabantar hukumar an ɗaure wasu sanannun 'yan masana'antar, ciki har da Adam A. Zango da Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyantama. Masu hali sun kwashe kayan aikinsu sun koma Kaduna da Jos, amma ƙaramin ma'aikacin da ke ci daga aikin yini ba shi da inda zai nufa. Haka aka sake gani a lokacin kullen korona na Afrilun 2020, sannan a watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango bisa dalilin cewa ba a kawo mata su ta tace ba. Ko hukumar tana da gaskiya a kan wannan ko ba ta da ita magana ce dabam. Abin da ya shafe mu a nan shi ne duk lokacin da aka yi irin wannan dakatarwa, nauyinta yana sauka ne a kan wanda ba shi da hannu a shawarar kai fim tacewa ko ƙin kaiwa.

Mata kuma suna da nasu ƙarin kaso na matsalar. Al'adar masana'antar ita ce jaruma takan bar fitowa da zarar ta yi aure, don haka shekarun samunta kaɗan ne, kuma idan auren ya mutu ta dawo sai ta tarar wasu sun maye gurbinta. Waɗanda suka daɗe har suka koma fitowa a matsayin iyaye su ne aka fi ba fitowa ɗaya ko biyu a fim, wato su ne a ƙasan jadawalin biya a daidai lokacin da jiki ya fara neman asibiti.

Ba za a ce 'yan fim ba sa taimakon junansu ba, kuma duk wanda ya ce haka bai san su ba. Idan biki ya tashi ko suna ko rasuwa, gudummawar da suke haɗawa takan ba mutum mamaki. Akwai adashi a tsakaninsu, akwai zaurukan WhatsApp da ake yin karo-karo idan wani ya kwanta, kuma akwai manyan da suke ɗauke da nauyin yara da dama, su ba su aiki, su biya musu kuɗin haya, har su yi musu aure. Wannan tsari na ubangida da yaronsa ya girmi fim nesa ba kusa ba. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun rayu ne a inuwar sarakuna, waɗanda suke ba su riguna da dawaki da hatsi, su kuma su raba wa 'yan amshinsu. Tsarin yana da kyawunsa, amma yana da sharaɗin da ba a faɗa, wato sai ka ci gaba da zama a inuwar. Yaron da ya saɓa da ubangidansa ya rasa aiki da tallafi a rana guda, kuma wanda yake ci a hannun mutum ba ya iya zama da shi ya yi cinikin ladan aikinsa ido da ido. A 'yan shekarun nan 'yan siyasa sun shiga sahun iyayen gida, ana samun motoci da kujerun Makka da kuɗin waƙar kamfe a kakar zaɓe, amma wannan ruwa ne da yake sauka sau ɗaya a shekara huɗu, kuma a gonar wasu 'yan tsiraru.

Babban raunin irin wannan taimako shi ne yana bin shahara da tausayi, ba ya bin buƙata. A 2023, lokacin da dattijo Abdullahi Shu'aibu Karkuzu, wanda ya nishaɗantar da Arewa tun zamanin wasannin talbijin na Jos, ya fito yana neman agaji kan matsalar muhalli, ɗan ƙwallon ƙafa Ahmed Musa ya saya masa gida. Abin yabo ne ƙwarai. Sai dai kafin a kai ga haka, sai da dattijo ya zauna gaban kyamara ya buɗe cikinsa ga duniya, kuma wanda ya share masa hawaye daga wajen masana'antar ya fito. Duk tsarin da sai mutum ya tona asirin gidansa kafin ya samu magani ko matsuguni, tsari ne da yake cajin mabuƙaci da mutuncinsa, kuma da yawa sun gwammace su yi shiru su ƙare a ɗaki a kan su biya wannan farashi.

A nan ne ya kamata a tambayi ƙungiyoyi. Akwai MOPPAN, wadda take a matsayin uwar ƙungiyoyin masu shirya fim, akwai ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Arewa, sannan akwai ƙananan ƙungiyoyi na jarumai da daraktoci da marubuta da masu ɗaukar hoto. Tarihin kafuwarsu ya bayyana halinsu. An gina su ne a lokacin da masana'antar take fuskantar barazanar rufewa, don haka babban aikinsu ya zama shiga tsakani da gwamnati da malamai, da kuma nuna wa al'umma cewa 'yan fim suna iya tsawatar wa nasu. Shi ya sa aka fi jin muryarsu wajen ladabtarwa, kamar korar da MOPPAN ta yi wa Rahama Sadau a watan Oktoban 2016 saboda wani bidiyon waƙa. Ƙungiyar da take da ƙarfin hana mutum aiki ya kamata a ce tana da ƙarfin tilasta a biya shi haƙƙinsa, amma wannan ɓangare na biyu bai samu irin wannan himma ba. Dalili ɗaya a fili yake: a ƙarƙashin inuwa guda aka tara mai ɗaukar aiki da wanda ake ɗauka, kuma shugabanci yakan faɗa hannun furodusoshi. Ƙari a kan haka, a Kannywood mutum ɗaya yakan zama jarumi a fim ɗin wani yau, gobe ya zama furodusan nasa, don haka duk ƙa'idar mafi ƙarancin biya da zai goyi baya a matsayinsa na ɗan wasa, ita ce za ta ci aljihunsa idan ya koma ɗaya kujerar.

Dokokin ƙasa ma ba su rufe wannan giɓi ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai hau kan wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka nan bai shafi masu aikin ɗan lokaci ko waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta tsarin ne a kan kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama, alhali yawancin kamfanonin fim ofis ne mai ɗaki ɗaya ko biyu da ba shi da ma'aikacin dindindin ko biyar. Tallafin da gwamnatin tarayya ta riƙa fitarwa, irin naira biliyan uku na zamanin Shugaba Jonathan a 2013 da rancen Babban Banki na 2019, an tsara su ne don shirya fim da horo da rarrabawa, kuma sharuɗɗan takardu da jingina da batun kuɗin ruwa sun sa da yawa a Arewa ba su ko kusanci rancen ba. Ko da an samu, jari ne na furodusa, ba magani ba ne ga mai fitilar da ya faɗo daga tsani.

Wasu ƙasashe sun fuskanci wannan matsala, kuma abin da suka yi yana da amfani a sani ko da ba za a iya kwafo shi yadda yake ba. A Faransa, ɗan wasa ko ma'aikacin bayan fage da ya tara awa 507 na aiki a cikin wata goma sha biyu yana da haƙƙin karɓar alawus a ranakun da ba shi da aiki, daga asusun da masu ɗaukar aiki da ma'aikata suke zuba wa kuɗi. A Jamus, tun 1983 akwai asusun da mai fasaha mai zaman kansa yake biyan kimanin rabin kuɗin inshorar lafiyarsa da fanshonsa, sauran rabin kuma ya fito daga gwamnati da harajin da aka ɗora wa kamfanonin da ke cin moriyar aikin fasaha. A Amurka kuwa yajin aikin 'yan wasa na 1960 ne ya samar musu da asusun fansho da lafiya da kuma kaso idan an sake nuna fim a talbijin, kuma a 2023 sun sake yin yajin kwana 118 a kan kasonsu daga manhajojin kallo. Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne dukkansu sun tsaya a kan lissafi: an san wane ne ya yi aiki da nawa aka biya shi, kuma a Faransa da Amurka ana fitar da kason asusu tun daga tushe kafin kuɗi ya shiga aljihu. Inda babu rubutacciyar yarjejeniya, babu abin da za a ɗora irin wannan gini a kai.

Ba sai an je Turai ba ma kafin a ga abin koyi. Direbobin haya suna yankar tikiti kullum a tasha, kuma duk da ƙorafin da ake yi kan inda kuɗin yake tafiya, tsarin ya nuna cewa ana iya tara kuɗi mai yawa daga masu samun yini idan an ɗaure karɓar da wurin aiki. Marubutan littattafan Hausa na Kano ma sun taɓa nuna irin wannan dabara a ƙungiyar Raina Kama, lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka juya musu baya, suka riƙa buga littattafansu da kansu suna tallata na juna. Kayan aikin da ake buƙata a yau ma akwai su a ƙasa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, kuma jihar Kano tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya wadda take karɓar masu sana'ar hannu. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe ƙaramin tsarin fansho na masu zaman kansu, inda mutum zai riƙa zuba abin da ya samu, ya iya cirar wani kaso idan buƙata ta taso, sauran kuma ya jira tsufa. Ga wanda yake da shakku a kan inshora ta fuskar addini akwai takaful, wato inshorar da aka tsara bisa ƙa'idojin Musulunci. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi hanyar sa a cire aikin da aka sata daga intanet, kuma tun 2014 akwai ƙungiyar AVRS da aka ba lasisin karɓar kuɗin nuna fina-finai a otal-otal da tashoshi da makamantansu a madadin masu haƙƙi.

Kada dai a ɗauka cewa katin inshora kaɗai zai kashe maganar. Ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa, wadda ta fi ƙarfi a Kudu, ta ƙaddamar da tsarin inshorar lafiya ga mambobinta, amma hakan bai hana a ga shahararren ɗan barkwanci John Okafor yana neman taimakon jama'a daga gadon asibiti a 2023 ba, kafin rasuwarsa a watan Maris na 2024. Ƙaramar inshora tana ɗaukar zazzaɓi da haihuwa da ƙananan tiyata, amma ciwon ƙoda ko daji ko shanyewar jiki sun fi ƙarfinta, kuma mai samun kuɗi jefi-jefi shi ne ya fi saurin daina biya a watan da aiki ya yi ƙasa. Saboda haka biyan ya fi dacewa ya fito daga kasafin kowane fim, a cire wani ƙaramin kaso a ranar sallama, furodusa ya ƙara nasa a kai, maimakon a jira ɗan wasa ya kawo da kansa a ƙarshen wata.

Wurin da ya fi sauƙin ɗaure wannan cirewa shi ne inda kowane fim yake bi dole, wato teburin tacewa. Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tana yi wa 'yan masana'antar rajista, kuma tana karɓar kuɗi kafin ta ba fim izinin fita, don haka ba abu ne mai wuya ba a ce cikin takardun da za a gabatar har da jerin sunayen waɗanda suka yi aiki da shaidar an zuba kasonsu. Cikas ɗin shi ne amana. Hukumar da 'yan fim suka fi sani da kamu da dakatarwa ba za su so ta riƙe kuɗin tsufansu ba, shugabancinta kuma yana sauyawa da sauyin gwamnati, sannan su kansu ƙungiyoyin sun sha fama da rikicin shugabanci da rarrabuwar kai ta siyasa. Abin da zai iya tsayawa shi ne hukumar ta tsaya a kan duba shaidar biya kawai, kuɗin kuma ya tafi kai tsaye asusun kowane ma'aikaci da sunansa a kamfanin fansho ko hukumar lafiya, ba tare da ya kwana a hannun wani shugaba ba. Naɗin Ali Nuhu a matsayin shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairun 2024, da kasancewar Abba El-Mustapha a kan hukumar Kano tun 2023, ya sa a yanzu mutanen da suka san lokeshan ciki da waje ne suke riƙe da kujerun biyu. Amma ko su ba za su iya cire kaso daga cinikin da ba a rubuta ba, kuma takardar shafi ɗaya mai ɗauke da sunan ma'aikaci da kwanakin aiki da adadin kuɗi da ranar biya, furodusoshi ne za su fara yarda su sa mata hannu, ciki har da waɗanda gobe su ne za su tsaya a gaban kyamarar wani.